Usur ɗin Auta

Wata biyu ke nan da rufe makaranta. Wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. Famfo ya ƙafe. Shagunan kan layi duk an garƙame su, kuma kullum sai an ga wasu sun ɗaure kaya sun bar unguwa.

A wani gida mai ɗaki biyu akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Ƙanwarta ɗaya ce, Auta, 'yar shekara uku. Ita kuwa kowa Yaya yake ce mata, har iyayenta.

Wata rana Baba ya tara su a tsakar ɗaki. Ya ce, "Jibi da safe manyan motoci za su kwashi mutane zuwa inda ake zaune lafiya. Za mu bi su. Amma sai mun shirya."

Ya zana hanya a bayan kwali: gida, gada, sai filin da motoci za su tsaya. Ya sa Yaya ta haddace. Ya sa ta haddace lambar wayar Kawu, tana faɗa yana gyara mata.

Mama ta ɗinka ƙyalle mai ɗauke da sunan Baba a cikin rigar Auta. Ta fito mata da sabon takalmi mai maɗauri, wanda ba zai cire ba ko da gudu. Sannan Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro usur, ja mai ƙyalli, da farar igiya. Ya rataya wa Auta a wuya.

"Idan kin duba ba ki gan mu ba, ki tsaya inda kike, ki busa. Kin ji?"

Auta ta busa har sai da Mama ta toshe kunne. Kowa ya yi dariya, ban da Yaya.

"Ni fa, Baba?"

"Ke ai babba ce," in ji Baba. Ya miƙa mata jaka mai robar ruwa biyu, da biskit, da tocila.

Da yamma suka yi gwaji. Da Baba ya tafa hannu, kowa ya sa takalmi, ya ɗauki jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Auta tana kan wuyan Baba tana busa usur. Yaya tana ƙasa, igiyar jaka tana cin kafaɗarta.

Ta ga Baba ya faki idon Mama, ya kwashe kaya masu nauyi daga jakar Mama ya mayar cikin tasa. Mama ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, tana murmushi ita kaɗai.

Yaya ta turo baki. A ranta ta ce, "Kowa yana da mai ji da shi, ban da ni. An ba ta takalmi, an ba ta usur, an ba ta wuyan Baba. Ni sai lamba da kaya."

Ranar tafiya, Mama tana ɗaure bargo ta ce, "Yaya, sa wa ƙanwarki rigar sanyi."

Auta tana gyangyaɗi, idonta a rufe. Yaya ta kalli usur ɗin. Ta zare igiyar a hankali, ta rataya a wuyanta ta cikin riga. Ta ja zif ɗin rigar Auta har haɓa. Ba wanda ya lura.

"Aro kawai na yi," ta ce wa kanta. "In mun shiga mota zan mayar."

Fili ya cika maƙil. Ga masu katifa, ga masu keken ɗinki a kai, ga jarirai suna kuka. Baba ya sauke Auta don ya loda jakunkuna. Mama ta riƙe hannunta tana magana da mai rubuta sunaye. Sai wasu mutane biyu suka kutso da katifa ta tsakaninsu. Da suka wuce, hannun Mama ba kowa.

"Ina Auta?" in ji Mama. Muryarta ta sauya.

Baba ya diro daga bayan mota. Ya ce, "Kada ki ruɗe. Na koya mata. Ku yi shiru mu saurara, yanzu za ta busa."

Suka kasa kunne. Injin mota yana ƙugi, mutane suna ta kiran 'ya'yansu. Babu ƙarar usur.

Yaya kaɗai ta san ba za a ji ba. Usur ɗin yana manne a ƙirjinta, yana mata nauyi fiye da jakar.

Direba ya leƙo ya ce, "Malam, ku hau ko in ba wasu wurin."

"Ka ba su," in ji Baba. "Ba ma tafiya sai da 'yata." Ya ce wa Mama, "Ƙara saurara. Wataƙila ta yi nisa ne."

Hawaye suka zubo wa Yaya. Ta ja rigar Baba. "Ba za ta busa ba, Baba. Yana wurina. Ni na cire."

Ta fito da shi. Mama ta yi mata wani irin kallo. Da duka aka yi wa Yaya da ya fi mata sauƙi.

Baba ya ɗaga ta cak ya ɗora a wuyansa. "Maganar sai an jima. Busa da duk ƙarfinki."

Ta busa. Ta sake busawa. A na huɗu sai suka ji wata 'yar murya mai kuka daga bayan tulin buhuna.

"Nawa ne. Ki ba ni abina."

Ga Auta a hannun wata tsohuwa, tana miƙo hannu tana shure-shure. Tsohuwar ta ce, "Tun ɗazu nake tambayarta sunan babanta, sai ta ce sunansa Baba. Amma da ta ji abin nan, ta kusa ɓalle mini wuya."

Mama ta rungume Auta tana kuka tana dariya.

Motar farko ta tafi ta bar su. Suka zauna kan jakunkuna cikin rana suna jiran ta biyu. Yaya ta mayar wa Auta usur da hannunta, ta ce, "Ki yafe mini. Mama, Baba, ku yafe mini. Na ɗauka kun fi son ta."

Mama ta jawo ta jikinta. "Faɗa mini lambar Kawu."

Yaya ta faɗa tsaf, ba kuskure.

"To, kin gani? In kika ɓata, kin san hanya, kin san wanda za ki kira. Ita kuwa ko sunan babanta ba ta sani ba. Ba don mun fi son ta muka ba ta usur ba. Don ta fi ki buƙata ne. Ke kuma mun ba ki abin da ba a ba kowa sai wanda aka yarda da shi."

Baba ya ce, "Ni ma na yi kuskure. Da na yi miki bayani tun ranar. Amma ke ma, in abu ya dame ki, ki faɗa. Kada ki ɗauka a ɓoye."

Bayan la'asar mota ta biyu ta zo. Suka hau su huɗu, kuma kafin rana ta faɗi sun isa lafiya. Duk tsawon hanya Auta tana barci a cinyar Yaya.

Daga ranar Yaya ta gane cewa ba a auna ƙaunar iyaye da abin da suka ba wani. Kowa ana ba shi abin da yake buƙata, kuma hassada kan sa mutum ya cutar da wanda yake so.