Ƙasusuwan Bayan Katanga

Ranar da abin ya fara, shugaban masu sharar kwaleji ya dawo gida gab da magariba, ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalman roba. Ƙafafunsa sun kumbura. Tun da matarsa ta rasu babu mai ce masa sannu sai 'yarsu, Auta, ita ma a hankali take faɗa, kamar mai tsoron tayar da wani.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Ya fita ya duba, ya tarar da murafan kwalba da fasassun kofuna, irin tarkacen tsohon jujin da ke bayan katangar gidajen ma'aikata. Amma jujin nan babu shi. Shi da kansa ya tsaya katafila ta kwashe shi, aka haƙa ramin taki, aka jera durom-durom masu murfi: na roba daban, na takarda daban, na ragowar abinci daban. Wurin ya yi fes, har shugaban kwaleji ya ba shi hannu.

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Daga baya Auta ta daina cin abinci. Takan ɗauki kwanonta ta tsaya fuskantar katanga, shiru, har abincin ya huce. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Likitan kwaleji ya ce jininta lafiya lau. Uban ya kai inda ko tsoro ba ya iya ji, gajiya kawai. Ya binne ɗaya, ga ta biyu tana zubewa a gabansa.

Malamin da aka kira tsoho ne mai tari. Ya zauna a tabarma ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Can Auta ta ɗago, ta yi magana da muryar wata tsohuwa.

Ta ce su mutanen juji ne, tun kafin a aza tubalin kwalejin. An rushe musu gida ba sallama, sun haƙura. An rufe abinci a durom, sun haƙura, saboda akwai wata mata a gidan nan da ke kai musu ƙashi gindin katanga da bisimilla. Yanzu ita ma ta daina. Yarinya ba za ta ci ba sai jikokin tsohuwar sun ci.

Uban ya sunkuyar da kai. Sau nawa ya yi wa marigayiya faɗa a kan ƙasusuwan nan, yana cewa matar mai doka ce ke karya doka, ita kuwa tana dariya tana cewa, "Ranka ya daɗe, sarkin bola."

Malam ya ce juji ba zai dawo ba, kuma ba a yi wa kowa yanka. Tsohuwar ta nemi ramin taki, ya hana. Ta ce to a kira mata matar, da ita za ta yi magana.

"Baiwar Allah," in ji uban, "ta rasu."

Hawaye ya gangaro a fuskar Auta, amma kukan ba nata ba ne.

"Ba wanda ya gaya mana. Mun ɗauka fushi ta yi." Sai tsohuwar ta ce, "Allah ya jiƙanta. Malam, buɗe mini hanya."

Malam ya ce ƙashi dai abincinsu ne, ba za a hana su ba. Auta ta yi atishawa, ta kife a cinyar ubanta. Da ta farka ta ce, "Baba, yunwa."

Washegari da yamma ya dawo daga aiki, ya zuba roba a na roba, takarda a na takarda. Ƙasusuwan ya riƙe a kwanon marigayiya, ya zagaya bayan katanga yana jan ƙafa. A gindinta ya ga ɗan gurbin da hannunta ya saba ajiyewa. Ya durƙusa, ya ce bisimilla.