Ɓarawon da Ya Wanke Tiren Gam

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin Manaja ya bugo waya ofishin 'yan sanda, muryarsa na rawa sai ka rantse gawa aka tsinta a kamfaninsa. Ba wanda ya mutu. Rola aka sace.

"Rola kuma?" in ji Sufeto. Ya ajiye kofin shayinsa, ya yafito Saje, suka shiga mota.

Kamfanin yana ƙarshen layin masana'antu. Nan ake manna alminiyam, siriri kamar ɓawon albasa, a jikin takarda ko yadi. Na takardar ake naɗe ganyen shayi da sabulu da magani, na yadin kuma a shimfiɗa ƙarƙashin kwanon rufi don rage zafi. Sababbin injina biyu na ta ruri a gaba. Manaja ya wuce da su can ƙuryar zauren, inda wani tsohon inji kore yake tsaye shiru, da rami a tsakiyarsa.

"A nan rolar take," in ji shi. "Ƙarfe ne mulmulalle, tsawonsa ya kai ƙirjina, an lulluɓe shi da baƙar roba. Alminiyam ya shafo gam daga wannan tiren, ya haɗu da takarda, rolar ta danne su su zama abu ɗaya. In babu ita, injin nan tarin ƙarfe ne kawai."

"Injin yana aiki?"

"Mun tsayar da shi tun Laraba. Mun sayar wa wani kamfani a can nesa, ranar Alhamis motarsu za ta zo. Kuma ba a ƙera irin rolar nan yanzu, yallaɓai. In ba ta dawo ba, ciniki ya mutu."

"Wa kake zargi?"

"Dogo. Shi ke tuƙa injin, shi ke riƙe da makullin ƙofar baya. Jiya ranar hutu ce, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya taga ba. Na riga na sa an riƙe shi a ofishina."

Sufeto ya durƙusa. Shekara talatin da ɗaya yana bin sawun ɓarayi, kuma ya san su da gaggawa da ƙazanta. Wannan kuwa ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya jera notuna takwas a kai, huɗu na dama, huɗu na hagu, kowanne da ɗan faifan ƙarfen da ake sa masa. Sufeto ya shafa tiren gam da yatsa. Tas yake, an kife shi ya bushe.

"Wa ya wanke wannan?"

Manaja ya leƙa, ya yi turus. "Ranar Juma'a ma sai da na yi wa Dogo faɗa a kansa. Gam ya daskare a ciki, ya ce mini tunda an sayar, masu saye su wanke abinsu."

"To," in ji Saje, "Allah ya ba mu irin wannan ɓarawo a gidanmu, ko wanke-wanke ya rage wa uwargida."

Aka tura Dogo ofishin 'yan sanda a bayan mota. Sufeto ya zagaya ƙofar baya.

Maigadi yana zaune ƙarƙashin wata rumfar kwano, dattijo mai ƙaramin gemu, rediyonsa a cinya. Ya miƙe da sauri har rediyon ya kusa faɗuwa.

"Jiya kana nan?"

"Tun safe har yamma, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai gifta ba."

"Ba ka tashi ba ko sau ɗaya?"

"Ina zan je?"

"Wannan benci na biyun na wa ne?"

Maigadi ya dubi bencin kamar yau ya fara ganinsa. "Na ƙafata ne. Ina miƙe ta a kai."

Sufeto ya auna da ido. Bencin yana jingine da bangon zauren, daidai bayan tsohon injin, taku biyar daga inda Maigadi yake zama. Sai mai ƙafar raƙumi zai miƙe ta har can.

A gefen rumfar akwai baro. A cikinsa an ɗaure guntayen katako biyu da waya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne an sassaƙe masa baki a sama.

Sufeto ya sa aka kira injiniyar kamfanin, wata mace gajera mai gilashi da sifana a aljihun riga. Tana ganin katakan ta gyaɗa kai.

"Wannan ai gadon rola ne. Ba a kwantar da ita a kan cikinta, yallaɓai. Robar tana da taushi. In ta kwana biyu a ƙasa, gefen da ta kwanta zai lotsa, kuma duk zagayen da ta yi sai ta bar iska tsakanin takarda da alminiyam. Sai ka ga kaya sun fito da ƙuraje, a zubar. Dole a rataye ta ta kunnuwanta biyu, ƙarafan da suka fito gefe da gefe, kuma kar rana ta taɓa ta."

"Kowane ma'aikaci ya san haka?"

"Kowa ya sani. Masu kiyayewa ne suka ƙare."

Da azahar Sufeto ya sa aka fito da Dogo daga bayan kanta. Mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, dogo kamar sunansa, farcensa duk busasshen gam.

"Ina rola?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Jiya ina gidan surukaina tun safe, a je a tambaya."

"Makullin fa?"

"Yana rataye a ƙusa a gida, inda yake kwana kullum."

"Ɓarawon ya jera notuna a kan tsumma," in ji Sufeto a hankali. "Ya wanke tiren gam, ya kife. Ya sassaƙa wa rolar gado a cikin baro."

Dogo ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallon farcensa.

"Ni ne," ya ce.

"Yanzun nan kana gidan surukai."

"Ƙarya na yi. Ni na ɗauka."

"Ka kai ina?"

"Na sayar wa 'yan gwangwan."

"Waɗanne?"

"Masu wucewa ne, ban san su ba."

"Wato ka sassaƙa mata gado don kar ta lotsa, sannan ka ba masu farfasa ta da guduma?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ka san abin da ka faɗa? In na rubuta, gobe da safe kana gaban alƙali. Aikinka ya tafi, kai ma ka tafi. Kana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya biyu. Ka rubuta, yallaɓai."

Sufeto ya rufe biro. "Wa ya koya maka aiki?"

A nan ne idon Dogo ya kawo ruwa, ya juya fuskarsa bango. Saje ne ya kawo amsar daga bakin ma'aikata. Mahaifinsa ne, wanda duk kamfanin ke kira Baba Maigam. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan koren injin, aka sallame shi bara saboda hannunsa ya fara rawa. Gida ɗaya suke da Dogo, a lungun da ke bayan katangar kamfanin.

A mota Sufeto ya tuna da kansa. Shi ma saura wata goma ya ajiye kaki, kuma bai taɓa gaya wa kowa yadda abin yake tsorata shi ba.

Sun tarar da tsohon a tsakar gida da la'asar, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, fuskarsa na kallon katanga. Ƙaramin mutum ne, wuyan rigarsa a maɓalle har sama. Matar Dogo ta leƙo daga kicin, idonta a kumbure, ta koma.

"Sannunku da zuwa," in ji tsohon. "Ku yi haƙuri da tabarma, kujeruna suna wurin kafinta."

"Duka?"

"Biyu ne dama."

Sufeto ya zauna a tabarmar. "Baba, jiya ka fita?"

"Ina tsoho zai je? Ina nan. Yaushe za ku sako mini yaro? An ce tambayoyi kawai za ku yi masa, tunda ba a kama shi da komai ba."

"Ana jin injina daga nan?"

"Sababbin nan? Ana jin ihunsu." Ya taɓe baki. "Koren ba ya ihu. Numfashi yake yi. Daga nan nake gane in takarda ta yi sako-sako, in aika a gaya wa Dogo ya ɗaure. Tun Laraba kunnena ke nemansa."

"Zan iya leƙa ɗakin?"

Tsohon bai hana ba, bai kuma tashi ba.

Ɗakin da duhu, an toshe tagar da kwali. Kujeru biyu na katako suna tsaye a tsakiya, sun juya wa juna baya. A kansu rolar take rataye ta kunnuwanta, ba inda robar ta taɓa, an lulluɓe ta da wani tsohon zane shuɗi. A bakin ƙarfen an ja layi da alli.

"Allin na mene ne, Baba?"

"Na juyi ne," ya amsa daga waje. "Safe da yamma nake juya ta kaɗan, kar nauyinta ya zauna gefe ɗaya."

Saje ya girgiza kai. "Baba, da ka tura ta ƙarƙashin gado, ko ka haƙa rami, ai da mun sha wuya."

"A ƙasa?" Tsohon ya dube shi kamar ya zage shi. "Haba, ɗana."

Sufeto ya dawo ya zauna kusa da shi. "Me ya sa?"

Baba Maigam ya haɗa hannuwansa don su daina rawa. "Zanen nan na mahaifiyar Dogo ne. A ƙarshen injin take tsayawa, ita ke duba kaya in sun fito. Ni ina wannan kai, ita tana wancan, takarda na tafiya daga hannuna zuwa nata. A haka na fara ganinta. Ƙara ba ta barin a yi magana, sai in kaya sun fito sumul ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Shekara talatin muna haka. Shekara uku ke nan da rasuwarta."

Ya numfasa.

"Da aka sallame ni, Maigadi ya ajiye mini benci a jikin bango. Kullum in je in jingina bayana, in ji injin yana motsi a ƙashina, in rufe ido. Wallahi sai in ga kamar tana can ɗaya kan. Kewarta nake yi, yallaɓai, kewa mai tsanani, kuma can ne kaɗai take raguwa. Sai aka ce ranar Alhamis za a ɗora shi a mota. Na ce in babu rola ba mai saye, dole su bar shi a wurinsa. Ko bai yi aiki ba, yana nan. Na ɗauki makulli a ƙusa, na ce wa Maigadi ya je ya sayo mana goro a bakin titi, kar ya yi sauri. Na ɗauko ta a baro, na mayar da baron wurinsa. Kar ku taɓa shi, tausayina ya ji."

"Tiren fa?"

"Ina wucewa na ga yadda yaron nan ya bar shi. Ƙafata ta ƙi tafiya."

"Baba," in ji Sufeto, "Dogo ya amsa laifin. Ya ce shi ya sata. Gobe za a kai shi kotu."

Tsohon ya juyo gaba ɗaya. "Ya ce shi ne?"

"Tun da ya ji labarin tiren."

Saje, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya tsoma baki. "Ka san kuwa, Baba, rolar nan yanzu kayan shaida ce. In ka musa a kotu, tana hannunmu har a gama shari'a. Wata shida, wani lokaci shekara. Masu saye ba za su jira ba."

Sufeto ya harare shi, amma magana ta riga ta fita. Idon tsohon ya yi haske, ya dubi katangar.

"Shekara?" ya ce. "Injin yana wurinsa?"

"Yana wurinsa."

"Dogo fa?"

"In ka musa, maganarsa na nan a kansa," in ji Sufeto. "Makulli nasa ne, kuma ya amsa da bakinsa. Tare za a tuhume ku. In ka amsa kai kaɗai, yau zai kwana a gida, a mayar wa kamfani kayansu, motar ta zo ranar Alhamis."

Daga kicin ana jin matar Dogo tana jan hanci. Tsohon ya daɗe yana kallon katangar, leɓensa na motsi ba sauti. Sufeto ya ga mutane da yawa suna rabuwa da abin da suke so, amma wannan ya taɓa shi har ya kawar da kai.

"Fito da bironka," in ji Baba Maigam. "Rubuta. Ni ne, ni kaɗai. Yaron bai sani ba."

Sufeto ya rubuta, ya karanta masa, tsohon ya dangwala yatsa. Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Baba Maigam ya sa takalmansa, ya leƙa ƙofar kicin. "'Yata, ƙara hannu a girkin, mijinki na dawowa da yunwa."

Suka shiga mota da shi. A bakin lungu hanya ta rabu biyu, ɗaya ta bi ta gaban kamfanin, ɗaya ta zagaya ta bayan kasuwa. Direba ya karya kan mota zai bi gajeriyar, ta gaban kamfanin.

"Ɗana," in ji tsohon daga kujerar baya, "don Allah bi ta kasuwa."