Mai Labule da Tsohuwar Cikin But

Rana ta faɗi ta bar ja a saman katanga. Mai Labule tana tsugune a tsakar gida tana wanke wa autarta ƙafa, sai dutsen farko ya sauka a kan rufin motarta. Ƙarar ta yi kamar an buga faranti da ƙasa. Ba ta tsorata ba. Miƙewa ta yi da kumfa a hannu, ta nufi ƙofar gida tana zagin yaran unguwa da iyayen da suka sake su. Ta leƙa lungu, babu kowa, sai wata akuya tana tuƙa. Tana tsaye a nan dutse na biyu ya sauka, kuma wannan karon ta ga inda ya taso. Daga cikin gidanta ne, daga kusurwar da babu mutum.

A kwanakin nan ko ƙuda bai isa ya sauka mata ba. Ɗinkin labule da zanen gado ne sana'arta, motar kuwa ita ce shagonta na biyu, a but ɗinta na baya take zuba aikin mutane ta kai musu har gida. Ba a daɗe ba ta tsaya bakin kasuwa sayen ƙugiyoyin labule, kafin ta dawo an fasa gilashin gefen direba. Ɓarayin ba su ko taɓa kwaɗon but ba. Hannu kawai suka zura, suka ja ɗan hannun robar nan da ke ƙasan kujera, but ya buɗe musu baki, suka kwashe labulen wani sabon asibiti da ta ɗinka har bayanta ya sage. Asarar ta yi mata ciwo, amma sauƙin abin ya fi ƙona mata rai.

Washegari ta kai motar gareji. Bakanike ya ce, "Ba sai an yanke ba, Hajiya. Zan zare kan wayar daga jikin kwaɗon, in kin sauko daga fushi a mayar."

"Wa ya ce maka zan sauko? Yanke ta."

Ya shiga but ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya sa filaya ya datse wayar, ya toshe ramin da take bi. Daga ranar but ba ya buɗuwa sai da makulli, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanenta. Duk lokacin da ta buɗe ko ta rufe, sai ta yi bisimilla da ƙarfi kamar mai yi wa wani gori.

To, tun daga dutsen nan magariba ta daina zama magariba a gidan. Da haske ya fara dusashewa sai iska ta tsaya, tsuntsaye su yi tsit, a ji takun ƙafa yana zagaya motar a hankali, takun mai jan ƙafa ɗaya. Daga nan sai a ji ƙas, ƙas, ƙas, daga cikin motar da ke kulle. Hannun robar ne ake ja, a sake, a kuma ja, alhali babu wayar da zai ja. In an gaji sai duwatsu su biyo baya. Yara suka daina bi ta gefen motar, ko banɗaki sai an raka su.

Ƙaninta, mai aski ne, kusan kullum a gidan yake cin abincin yamma kafin ya wuce wajen iyalinsa. Ya ce, "Yaya, ki sayar da motar nan ki huta."

"In sayar? Ɓarayi sun ci ni da rana tsaka, yanzu kuma in gudu saboda tsakuwa? Ko wane ne, ya fito ya faɗi abin da na tare masa."

Mijinta ma'aikacin gidan ruwa ne, mutum mai sanyi, tun da suka yi aure ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko akuya zai kora sai ya ba ta haƙuri. Ya ce a hankali ko za a kira Malam, mai addu'a na unguwarsu. Ta ce Malam ba mai gadi ba ne.

Mijin nata ne abin ya kama. Wata yamma ya dawo daga aiki, ya jingine kekensa, bai yi sallama ba. Kai tsaye ya wuce bayan motar ya durƙusa, ya shiga ƙwaƙular kwaɗon but da farce. Ta kira shi, bai waiwayo ba. Ta dafa kafaɗarsa ta ji ta kamar ƙanƙara, ta ga jini a yatsunsa. Sai ya ɗago kai, idanunsa sun juye, wata muryar tsohuwa mai kaushi ta fito daga bakinsa.

"Buɗe."

A nan ne tsoro ya kama ta. Ta tura yaran gidan maƙwabta, mai aski kuma ya ruga ya ɗauko Malam.

Malam dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da motar, aka zaunar da maigidan da ƙyar, mai aski yana riƙe da shi ta baya. Ya ɗora hannu a kansa ya soma karatu. Duhu yana sauka, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Maigidan ya fara karkarwa, ya toshe kunnuwa, daga bisani ya saki wata ƙara da ta sa karnukan unguwa haushi.

"Ya isa! Ya isa, kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin da aka rufe."

"Wane ɗaki?"

Hannun maigidan ya nuna but. "Tun motar nan tana hannun mai ita na farko nake kwana a gefen safayar taya. Ban taɓa kowa ba. Da safe in fita, da magariba in ja hannun nan in shiga. Wannan mai bakin ta yanke mini ƙofa ina waje, ta kuma riƙa rufewa da sunan da ba na iya ƙetarewa. Kayana na ciki. A raɓa nake kwana, da tsufana."

Tsoron Mai Labule ya tafi kamar an zare shi. Fushi ya maye gurbinsa.

"Kayanki? Ke har kina da bakin cewa kayanki? Ranar da aka fasa mini mota, kina ina?"

"Ina kan bishiyar da ke gefe."

"Kina kallo?"

"Ina kallo."

"Kina kallo! Na ɗauke ki asibiti, na ɗauke ki kasuwa, man da nake ƙonawa ke ma kina ciki, ko godiya babu. Aka zo aka kwashe gumina, duwatsun nan da kika iya jifa ba ki sami ko ɗaya ba? Sai ni kika raina, da wannan bawan Allah da ko sauro ba ya kashewa?"

"Ba a ɗauke ni gadi ba."

"Ni ma ba a ɗauke ni mai masauki ba!"

Mai aski ya ce, "Yaya, don Allah, aljana ce fa."

"Ko uwar aljanu ce!"

Malam ya ɗaga hannu. Ya ce wa tsohuwar, "An rufe miki ƙofa bisa rashin sani. Ke kuwa da saninki kika shiga jikin wanda bai yi miki komai ba, kika firgita yara. Wannan zalunci ne, kuma kin sani. Za ki fita."

"A mayar da wayar, in fita."

"Ba za a mayar ba," in ji Mai Labule.

"Ba za a mayar ba," in ji Malam. "Motar tata ce. Za a buɗe miki sau ɗaya ki kwashe abin da yake naki, ki bar gidan nan, ba ke ba dawowa."

Kan maigidan ya riƙa lilo. Sai bakinsa ya yi wani murmushi da ba nasa ba, muryar ta yi laushi.

"'Yar nan, na ga fuskokinsu fa. Na ga wanda ya nuna musu motar. Ki bar mini ɗakina, in faɗa miki sunansa. Ba daga nesa yake ba. Hannunsa ya san kwanonki."

Mai Labule ta matsa gaba ba ta sani ba. "Wa?"

"Kul!" Karon farko ke nan da Malam ya daka tsawa, kuma ita ya daka wa. "Kul kika saurara. Irinsu in suka rasa wurin zama a jiki, a zuciya suke nema. Ko gaskiya ce ko ƙarya, ba ki da yadda za ki gane, sai dai ki ƙare kwanakinki kina harara."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Tsohuwar ta yi ihu, ta yi zagi, ta yi magiya, a ƙarshe ta rantse za ta tafi. Malam ya ce a buɗe. Mai Labule ta kwance makulli, ta murɗa, ta ɗaga murfin. Ba su ga komai ba sai safaya da jak. Amma wani wari ya taso kamar na tsohuwar toka, shimfiɗar but ta lotsa ta gefe ɗaya, aka ji ƙarar tarkace ana haɗawa. Maigidan ya yi atishawa mai ƙarfi ya sulale jikin mai aski. Takun nan mai jan ƙafa ya ratsa tsakar gida, ƙofa ta buɗe da kanta, ya fita. Iska ta dawo.

Da maigidan ya buɗe ido, ya dubi yatsunsa, ya dubi Malam, abin da ya fara cewa shi ne, "Allah gafarta Malam, an kawo maka ruwa kuwa?"

Dutse bai sake sauka a gidan ba. Yatsun suka warke, ta sake ɗinka labulen asibitin, wayar kuma tana nan a yanke har yau.

Sai dai maganar tsohuwar ba ta fita tare da ita ba. Mai Labule ta riƙa tsintar kanta tana lissafa waɗanda suka taɓa cin abinci a gidanta, maƙwabciya, ɗan wan mijinta, matar da ke taya ta guga. Wata yamma mai aski ya shigo da sababbin takalma, ya cire su a bakin tabarma ya zauna. Ta ga idonta ya tsaya a kan takalman, ya ƙi tashi. Wannan ƙanin da ta goya a bayanta. Shi ma ya ga inda take kallo, ya janye hannunsa daga kwanon a hankali.

"Lafiya, Yaya?"

Wani baƙin ciki ya turnuƙe ta, ba a kansa ba. Ta juya ta fuskanci ƙofar gida, ta ce da ƙarfi yadda duk mai kunne a lungun zai ji, "Allah ya isa, tsohuwar banza. Ba ki sami wuri a zuciyata ba."

Sannan ta kwashe naman da ke gabanta ta juye masa, ta tura kwanon har ya bugi gwiwarsa.

"Ci, kafin in ɓata maka rai. Kuma takalman nan sun yi maka yawa, wa ya auna ka?"