Kirim a Ƙasa, Jam a Sama

Ƙarfe huɗu da kwata na yammar Asabar, gidan shayin Madam Tozer ya cika maƙil, sai aka ji ta kurma ihu daga ɗakin baya. Butar shayin azurfa da ta gada daga kakarta ta ɓace daga saman kantar ɗakin. Shekara casa'in butar tana wurin, duk garin Tavistock an san ta.

Saja Dorcas Yeo ta 'yan sanda ta iso kafin shayin mutane ya huce. A kan teburin da ke ƙarƙashin kantar ta tarar da faranti ɗauke da ɓarin sikon, ɗan burodin nan da muke ci da shayi. An shafa jam a ƙasa, kirim ɗin madara a sama.

To, mu mutanen yankin Devon a nan Ingila kirim muke fara shafawa, sannan jam, kuma mu ne da gaskiya. Sai an haye kogin Tamar zuwa Cornwall ake samun masu juya abin. A gidan nan kuwa mutum ɗaya ce 'yar Cornwall, Morwenna Trewin mai kai wa baƙi shayi.

"Shekara goma sha biyu ina riƙe da ita!" in ji Madam Tozer, tana nuna Morwenna. "Yau za ta bar mini gida."

"Mama, a bi a hankali," in ji Saja. "Su wa suka shiga ɗakin?"

Mutum uku ne. Ta farko Mis Cottey, tsohuwa mai dogara sanda.

"Bayi na shiga nema, 'yar nan," ta ce. "In kin ɗaga hannun nan nawa ya wuce kafaɗa, na ba ki tukwici."

Kantar ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Aka sallame ta.

Ta biyu Morwenna, idanunta sun yi jawur. "Uku da rabi na goge teburin, butar tana nan," ta ce. "Ni da ko zama ba na yi, yaushe zan ci sikon?"

Na uku Mista Hext ne, mai shagon tsofaffin kaya, haifaffen garin, da jakarsa tsakanin ƙafafu.

"Jarida na shiga ɗaukowa," ya ce. "Ke ma Saja, ai faranti ya faɗi mai shi. Ɗan halak ba ya sa jam a ƙasa."

Saja ta sa aka kawo wa Morwenna da Hext shayi da sikon, ta ce su ci. Morwenna ta shafa jam, ta ɗebo kirim da cokali ta dangwara tuli guda. Hext ya ɗauki wuƙa ya shafe kirim sumul har gefe, kamar mai shafen siminti.

Sai Saja ta turo farantin ɗakin baya tsakiyar tebur.

"Ku duba kirim ɗin nan. 'Yan Cornwall da cokali suke ɗora shi. Wannan da wuƙa aka shafa, sumul har gefe. Hannun Devon ne. Sannan ko cizo ɗaya ba a yi masa ba. An haɗa shi ne don a gani a zargi Morwenna, amma mai shi ya kasa kai shi baki." Ta dubi Hext. "Bismillah, Baba, ƙarasa abinka."

Hext ya kalli sikon ɗin kamar an ajiye masa guba.

"To buɗe jakar," in ji Saja.

Butar tana ciki, naɗe da jaridar da ya ce ya shiga ɗaukowa.

Madam Tozer ba ta da saurin ba da haƙuri, amma ranar ta ba da shi gaban kowa. Ta wanke butar da kanta, ta zaunar da Morwenna, ta zuba mata shayi daga ciki, abin da ko limamin coci bai taɓa samu ba. Da Morwenna ta kai hannu ga jam, Madam ta kau da kai.

Na ji kunya ƙwarai da ɓarawon ya zama namu. Amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ma. Mutumin nan ya iya sata, ya iya ƙazafi, amma jam a ƙasa ya gagare shi haɗiya.