Gurbin da Atiku Ya Bari a Hoto

Rana ta yi ja lokacin da Atiku ya rufe ofishin ban ruwa na Goronyo, ya hau mashin zuwa gida Kagara. Masinja ne a da. Shi ya koya wa kansa kwamfuta, yana tattaɓa ta bayan an tashi aiki, har ya zama ko firinta ta yi tari shi ake kira. Injiniya ma ake ce masa, shi kuwa kai ya kumbura.

A ranar ya yi wani aiki da ba wanda ya sa shi. Baƙi sun zo duba kanal, aka yi hoto. Mahaifinsa Maccido ya kawo masa albasa daga gona, ya tsaya gefensa da yagaggiyar riga, taɓo har gwiwa, yana ta fara'a. Kunya ta kama Atiku. Da ya zauna gaban kwamfuta sai ya share tsohon tas daga hoton, ya kwafi ruwan kanal ya lulluɓe wurin, ya buga hoton ya liƙa a allon ofis.

A hanyar gida, yana bin gefen kanal mashin ya mutu.

Kwaɗi suka yi tsit. Sai warin ɗanyar albasa da na laka.

Mutum ne tsaye gabansa, da rigar Baba, har yagar kafaɗa. Amma daga wuya zuwa sama ba fuska. Ruwa ne. Igiyar ruwa guda ce take maimaita kanta, sak yadda Atiku ya yi ta manna ta a hoton da hannunsa.

"Injiniya," muryar ta fito kamar daga cikin randa. "Mun gode."

Atiku ya ja da baya. "Da... da mi?"

"Ka ɗebe mutum, ka sa ruwa. Inda ruwa ya shiga, namu na. Ba ka son shi, mu muna so."

Abin ya ɗaga hannu ya nuna ƙasa.

Can cikin kanal, ga Baba Maccido. Ruwa ya kai masa ƙirji. Idonsa biyu, amma tafiya kawai yake, a hankali, zuwa tsakiya.

"Baba!"

Bai waiwaya ba.

Atiku ya faɗa ruwan da takalmansa. Sanyi ya soke shi har ƙashi. Ya cafki rigar tsohon, ta yage. Ya rungumo ƙugunsa.

Wani abu ya riƙe ƙafar Baba daga ƙasa, yana ja.

"Ubana ne!" Atiku ya kurma ihu, ruwa na shiga bakinsa. "Ubana ne, ina son shi! A'uzu billahi!"

Aka saki.

Suka zube a gaɓa suna haki. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu, daga nesa ladan na kiran magariba.

Baba ya kwanta da zazzaɓi, kuma bai tuna yadda aka yi ya shiga ruwa ba. Da sassafe Atiku ya yage hoton allo, ya buga na ainihi, ya sa shi a gilashi, ya kai gida ya durƙusa gaban tabarmar tsohon.

Maccido ya daɗe yana kallon hoton.

"Wanga ba shi na gani ba," ya ce a hankali. "Jiya na koma ɗaukar buhuna, na ga wancan bisa allo. Na yi ta neman kaina."

Wallahi Atiku ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai.

Har yau yana ofishin, ya ƙware fiye da da, amma ko ƙuda ne a hoto ba ya gogewa, kuma ya hana a kira shi Injiniya. Baba kuwa bai sake taka ofishin ba, albasa sai dai ya aiko. Bai taɓa yi masa faɗa ba. Abin da ya faɗa ranar, yana miƙa masa hoton, shi ke nan:

"Atiku, da ka ce min in gusa, ai da na gusa."