Ni da Iyalina

Taswirar ta cinye teburin falo kaf, har sai da Amarya ta danne gefenta da kofin shayi kada fanka ta ɗauke. Shekara tara da aurenta, amma har yau Amarya ake ce mata a gidan, don ba ta haifi ɗan da za a kira ta da sunansa ba. Mijinta, wanda dangi ke kira Auta, yana durƙushe kusa da ita da jan biro a hannu.

"Kin ga nan? Kwana huɗu a gandun daji. Tanti ne, amma irin na manya, da gado da bahon wanka. Ki ɗaga labule da safe ki ga giwa tana shan ruwa."

"Raƙumin dawa fa?"

"Har sai wuyanki ya gaji da ɗagawa! Daga nan birni kwana biyu, sai bakin teku kwana uku, ki tsoma ƙafarki a ruwan nan da kike ta leƙe a talabijin."

Ta yi dariya har da rufe baki. Tsohon alkawari ne. Tun yana zuwa zance ya yanko hoton raƙumin dawa daga wata kalanda ya ba ta, ya rantse sai ya kai ta ta gan shi da idonta. Hoton yana nan manne a jikin firji, duk ya koɗe. Kullum aka sa rana sai wani abu ya gitta. Na ƙarshe shi ne ciwon Inna, mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Shekara uku cur Amarya ce wanka, ita ce juyi, ita ce ɗaukar fo, har Allah ya sa tsohuwar ta fara takawa da sanda.

Suna cikin haka Yaya Babba, yayar Auta, ta faɗo falon, sallamarta na biye da ita a baya.

"Me ake ƙullawa ba a sanar da manya ba?"

"Safari za mu je, Yaya. Ni da iyalina."

"Safara? Ah to, da ni za a yi! Buhu nawa ake bari mutum ya auno?"

"Ba safara ba, safari. Kallon namun daji."

"Kallon dabbobi! Oh ni 'yasu! Ga awaki nan a bakin titi kyauta." Ta fizgi takardar hotunan wuraren da za a je, wadda ke gefen taswirar, tana yatsina. Da ta kai shafin birni, ta ga kantuna bene kan bene, sai yatsinar ta ɓace. Ta ga teku, ta gyara zama. "Iyali ka ce ko? Madalla. Ai ni ce iyalinka, ni da na goye ka har bayana ya yi kanta."

"Kujera biyu ce kawai, Yaya, tun wata shida aka kama…"

"Biyu ta isa, ni da kai. Mace ɗaya tilo, ba goyo ba ciki, ita ce iyali? A garin su wa? Kuma in ta tafi, wa zai kula da Inna?"

To, kowa ya san in namiji ya ce iyalina, matarsa yake nufi, kunya ce ke hana shi kama suna. Yaya ma ta sani sarai, ba yarinya ba ce. Amarya ta dubi mijinta tana jiran ya buɗe baki. Gogan naku sai ya sosa ƙeya, ya hau naɗe taswira.

Bayan Yaya ta tafi, ta same shi a ɗaki.

"Yallaɓai, kalma ɗaya fa na jira."

"Ki yi haƙuri, kin san halinta. Ba na son hayaniya Inna ta ji. Gobe a ofishin masu shirya tafiyar zan gyara komai, wallahi."

"Haƙurin nan dai ni kaɗai aka yanka wa shi?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san yana sonta. Son nasa ne dai ba ya iya tsayawa da ƙafarsa in Yaya na wurin.

Washegari da hantsi suka je ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Kafin su zauna sai ga Yaya, ta sha gwaggwaro, fasfo a hannu. Ta dangwara shi a kan tebur gefen na Amarya. Ma'aikaciyar ofishin ta dubi kwamfuta, ta dubi matan biyu, ta gyara gilashi.

"Yallaɓai, a fom ka rubuta 'ni da iyalina'. Tantin gado ɗaya ne, har ka ce a watsa furanni a kai. Yanzu ga fasfo biyu na mata a gabana. Wanne zan shigar?"

Auta ya dubi Yaya, Yaya ta zare masa ido. Ya dubi ƙaton hoton zaki da ke bango kamar shi zai ba shi amsa. Gumi ya tsattsafo masa duk da na'urar sanyaya ɗaki na aiki.

"E to… wato… bari dai mu yi shawara, zan kira ki."

Amarya ta miƙa hannu ta ɗauki fasfonta. Ba ta yi kuka a nan ba, ba za ta ba Yaya wannan daɗin ba. Ta yi wa ma'aikaciyar godiya, ta fita ta tari tasi.

Tana isa gida ta ɓamɓare hoton daga jikin firji, ta ninke shi huɗu. Lokacin shafa wa Inna man zafi ya yi, don haka ta wanke hannu ta shiga ɗakinta kamar kullum. Tana murza ƙafar, hawaye na ɗiga a ƙaurin tsohuwar.

"'Yar nan, lafiya?"

"Man ne ya shigar mini ido, Inna."

"Shekara uku kina shafa shi, sai yau ya san hanyar idonki?"

Inna jikinta ne ya shanye, kunnenta garau yake, jiya ta ji komai ta bango, hawayen yau kuma sun gaya mata yadda aka kwashe a ofis. Da ta ji motar Auta ta tsaya, ta buga sanda a ƙasa ta ce shi da Yaya su shigo.

"Ke Babba, tambaya gare ni. In mijinki ya ce zai fita da iyalinsa, ƙanwarsa ce ke ɗauko mayafi?"

"Inna, ai ni…"

"Rufe mini baki! Goyon da kike gori, wata nawa kika yi? Wannan da kika ce ba goyo, ni ta goya, gandamemiya da ni, daga gado zuwa banɗaki, kina gidanki kina aiko gaisuwa ta waya. Kwana taran nan ke za ki zauna da ni. Ga man can, ga fo can." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka ba ni kunya. Ubanku shekara arba'in yana cewa iyalina, ba wanda ya taɓa tambayarsa wa yake nufi, don ya nuna wa kowa tun ranar farko. Ni ba zan faɗa maka sunan da za ka bayar ba. Ɗauko wayarka."

Ya ɗauko wayar ya kira ofishin. A gaban Inna, a gaban Yaya da ke huci, ya faɗi sunan matarsa na yanka, cikakke, har da na mahaifinta. Rabon da a ji sunan nan a gidan tun ranar ɗaurin aure. Amarya ta ji shi banbaraƙwai, kamar wata ake kira.

Sun tafi. A safiya ta biyu motar dawa ta tsaya, sai ga raƙumin dawa ya ratso ta cikin itatuwa, yana tafe a hankali kamar mai jin nauyin ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa. Auta ya matso ya rage murya.

"Na cika alkawari. Kin huce?"

"Na yafe maka tuni," ta ce, idonta na kan dabbar. "Amma da a ofis ka faɗa, ba wanda ya sa ka, da ko akuyar bakin titi ka nuna mini ta ishe ni."

Ya sunkuyar da kai, har aka tada mota bai ɗago ba.

Haƙuri dai ya kai ta dawa, ya kai ta birni, ya tsoma ƙafarta a teku, kuma tun daga ranar da ya faɗi sunanta ba wanda ya ƙara ce mata Amarya a gidan. Amma maganar da aka ƙi faɗa a kan lokacinta, ko an faɗe ta daga baya, da tabo take zuwa. Duk namijin da ya iya cewa iyalina, to ya iya nuna ta a gaban 'yan'uwansa tun kafin a sa shi.