Na Rubuta Babu Kowa a Tudun

Ranar Talata da yamma na hau babur na nufi bakin ruwan Tiga don in karɓo kifi wurin Sha'aibu masunci. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa yafe wa ɗalibin da ya yi ƙarya a takarda ba. Ku riƙe wannan.

Wata biyu kafin nan, wani kamfani mai zaman kansa ya turo wakilai. Suna so su zuba jari su kafa ƙaramar tashar lantarki ta ruwa a tudun da ke bayan tsohon garinmu, wanda dam ya cinye ina yaro. Sharaɗinsu ɗaya: shaidar cewa babu maƙabarta a wurin, in ba haka ba, su kai jarinsu wani gari. Ni ne sakataren ƙungiyar gari. Na sa hannu.

A tudun nan aka binne mahaifina.

Kafin masu awo su zo, na bi kaburburan na tsince fasassun tukwanen da aka kafa don shaida, na cika buhu, na jefa a ruwa. Na ce wa raina ai wuta muke so, da fitilar waya ake karɓar haihuwa a garinmu.

A wannan Talatar, da na isa bakin ruwa ban tarar da Sha'aibu ba, sai kwalekwalensa. Rana ta yi ja. Ƙarnin kifi da warin laka. Kwaɗi suka yi tsit a lokaci guda.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga tudun ƙarar take zuwa. Na hau, ina zaton ɓarayin turakun awo ne, har na shirya faɗa.

Wani ne a sunkuye, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Buhuna yana gefensa, ya yi gansakuka. Yana zaro kasko yana kafawa. Ba ya matsawa. Hannunsa ne kawai ke ƙara tsawo har ƙarshen layin kaburbura ya dawo.

Na yi sallama. Bai amsa ba.

"Malam Mujitaba," ya ce da raɗa, bai ɗago ba. "Zo ka duba mini aiki, ko na yi kuskure."

Ƙwas. "Inna Uwani." Ƙwas. "Sale mai jaki." Ƙwas. "Abdullahi."

Mahaifina.

"Daidai ne, Malam?"

"Daidai ne," na ce.

"Amma ka rubuta babu kowa."

Kasko biyu suka rage. Ya kama hannuna na dama. Sanyi har ƙashi. Ya auna tsawona, ya kafa ɗaya nan, ɗaya can, a fili.

"Nan ne kaɗai babu kowa."

Na ja Ayatul Kursiyyu, ta kakare. Ƙasa ta fara lotsawa a ƙarƙashina.

Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Yatsun suka sassauta.

Na fizge. Ban waiwayi babur ba.

Washegari bayan sallar asuba na miƙe a masallaci na faɗi abin da na yi. Dattawan da na koyar da 'ya'yansu suka sunkuyar da kai. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Wasiƙa uku na aika wa kamfanin, babu amsa ko ɗaya. Wannan rashin tarbiyya ne. Ba korarsu nake yi ba, wuta muna so. Abin da nake nema shi ne a dawo mini da takardar da na sa wa hannu in yaga ta da kaina, a kuma matsar da turakun taku arba'in arewa kafin motar haƙa ta iso ranar Asabar. Laifin nawa ne, ba na Abdullahi ba.

'Yata Lubabatu ce ta rubuta wannan ina faɗa mata. Tun ranar, duk takardar da na ɗora wa hannun dama jiƙewa take yi.